Ranar Da Na Ce A Kori Kawuna

Malamin da ke kula da kulob ɗinmu na 'yan jarida ya ce wannan karon kowa ya rubuta abin da ya faru da shi da gaske, kada a kwafo daga littafi. Na daɗe ina tunanin abin da zan rubuta, domin labarin da ya fi damuna akwai abin kunya a cikinsa. Amma tunda wasu daga cikinku suna bakin fili ranar da abin ya faru, gara in faɗa da bakina.

A unguwarmu muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Ba ta fitowa a talabijin, kuma ba a faɗar sakamakonta a rediyo. Ga wanda bai sani ba, gasar ƙwallo a Najeriya hawa-hawa ce kamar azuzuwan makaranta. A sama akwai NPFL, inda su Kano Pillars da Enyimba suke. A ƙasanta akwai NNL, sai kuma NLO. Mu muna can ƙasa da waɗannan duka, a gasar ƙananan ƙungiyoyi ta cikin jiha. Ƙungiya 10 ce a rukuninmu, kowa zai kara da kowa gida da waje, wasa 18 ke nan. Wanda ya ci yana da maki 3, canjaras kuma maki 1. Biyun da suka ƙare a ƙasan teburi za su sauka, su koma buga gasar unguwa-unguwa wadda ake sa rago ko akuya.

Kocin ƙungiyar kawuna ne, yayan mahaifiyata. Mai walda ne, yana da ɗan shago a bakin titi. A da shi ma ɗan wasa ne, lamba biyar yake bugawa, har ya ji ciwo a gwiwa ya daina. Shekara 7 ke nan yana horar da ƙungiyar ba tare da albashi ba. Duk Talata da Alhamis yana rufe shago bayan La'asar ya tafi fili. Shi ne ya hawo da mu wannan gasar shekara biyu da suka wuce. A ranar, a kafaɗa aka ɗauko shi tun daga fili har ƙofar gida, ni kuma ina gaba ina gaya wa duk wanda na gani cewa kawuna ne.

Bana abin ya juya. A wasa 10 na farko mun ci 1, mun yi canjaras 3, an ci mu 6. Maki 6 kacal, muna na tara a teburi. Daga nan na daina gaya wa mutane cewa kawuna ne. A aji idan aka fara zancen, sai in buɗe littafi kamar mai karatu.

Kullum da safe ni ake aika in sayo burodi a teburin mai shayin layinmu, kuma a nan ake yanke wa ƙungiya hukunci. Mutanen wurin sun rabu biyu. Mai faci shi ne jagoran masu cewa a kori koci. Ya ce Kawu ya tsufa da dabara, ƙwallonsa ta zamanin da ce, a doka gaba a bi da gudu. Hujjarsa kullum Chelsea ce. Ya ce a 2012 sun kori koci ana tsakiyar kaka suka ɗauki kofin zakarun Turai, a 2021 ma suka sake kora suka sake ɗauka. Wani tsohon direba kuma shi ne jagoran masu cewa a yi haƙuri. Ya ce Alex Ferguson ya je Manchester United a 1986, bai ɗauki kofi ko ɗaya ba sai 1990, bai ci lig ba sai 1993. Da an kore shi da wuri, wa zai san shi? Sai mai faci ya ce, "To mu jira shekara bakwai ke nan? Kafin nan ai mun koma buga gasar akuya."

Baba mai shayi ba ya cika sa baki, yana dai ta fifita wuta. Amma wata rana ya ajiye mafici ya ce su bar zancen Turai su dubi gida. Ya ce Pillars ta ci lig sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta je har wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Amma duk da wannan tarihi, a 2022 Sai Masu Gida ta faɗa rukunin 'yan dagaji. Ya ce a wannan kakar har maki aka cire mata saboda hatsaniyar da aka yi a wasanta da Katsina United, aka kuma hana ta buga wasanninta na gida a Kano. Ya dube su ya ce, "Wannan makin, koci ne ya zubar da shi ko 'yan kallo?" Mai faci ya ce ai wannan daban. Ni dai na karɓi burodina na tafi. Na tuna lokacin, ina da shekara 11, yayana ya ƙi cin abincin dare ranar da Pillars ta sauka, ya kuma yi ta tsalle a 2023 da ta dawo. Amma ban fahimci abin da Baba mai shayi yake nufi ba sai daga baya.

Yanzu ga abin kunyar. Wasa na 10 a filinmu aka yi, ranar Asabar. Mu muka fara ci tun kafin hutun rabin lokaci. Ana saura kaɗan a tashi aka farke, kafin mu farga aka ƙara mana ta biyu. Da rafali ya busa tashi, sai samari suka fara ihu: "Ba ma yi! Koci ya tafi! Ba ma yi!" Ina tsaye cikin 'yan ajinmu. Wani ya zungure ni ya ce, "Kai ba ka yi, ko don kawunka ne?" Kowa ya juyo yana kallona. Wallahi ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na yi ihun, har na fi wasu ƙarfi. Ina cikin yi, Kawu ya ɗago daga tattara ƙwallaye cikin buhu, muka haɗa ido. Bai ce komai ba. Ya ɗaure bakin buhun ya ɗora a bayan babur.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Umma ba ta doke ni ba, kuma da ta doke ni da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Takalmin da ke ƙafarka wa ya saya maka?" Na kasa cin tuwo a daren nan.

Washegari Lahadi Kawu ya zo gidanmu kamar yadda ya saba. Na ɓuya a ɗaki, amma ya aika a kira ni. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri." Umma ta fara faɗa, sai ya ce mata, "Ƙyale shi, ai ɗan kallo ne, kuma ɗan kallo yana da bakin magana." Sannan ya ciro sabon littafin rubutu mai shafi 40 da biro da tsohon agogonsa na hannu ya miƙo mini. Ya ce, "Tunda ka san ƙwallo, ga aiki. Daga yau duk atisaye da duk wasa kana gefena. Ka rubuta wa ya zo, wa bai zo ba, a minti na nawa aka ci mu, kuma ta ina ƙwallon ta shigo. Kada ka rubuta abin da ka ji a wurin mai shayi, abin da idonka ya gani kawai. Bayan wasa huɗu, idan ka ga ya kamata in tafi, ka gaya mini a nan gidan, ba a fili ba."

Haka na zama marubucin ƙungiya. Abu na farko da na gano a wurin atisaye ne. 'Yan wasanmu 22 ne a rajista. Talatar farko mutum 9 suka zo, Alhamis 11, Talatar da ta biyo 8. Da mutum 8 ko gida biyu ba za a raba a buga sosai ba. Da farko na rubuta "lalaci" a gaban sunayen waɗanda ba su zo ba. Kawu ya gani ya ce, "Idonka ne ya ga lalacin?" Sai na goge na fara tambaya. Mai lamba tara ɗinmu adaidaita sahu yake ja, kuma dole ya kai wa mai mashin balas kullum, idan ya zo atisaye ya rasa fasinjan yamma. Ɗan tsakiyarmu da ya fi kowa iya raba ƙwallo yaron shago ne a Kantin Kwari, ba ya tashi sai an rufe kasuwa. Biyu daga cikin 'yan bayanmu dako suke yi a kasuwar Singa, suna zuwa wasa bayan sun wuni suna sauke buhuna. Ƙwallayenmu kuma uku ne, ɗaya tana sacewa, sai an yi ta ba ta iska.

Abu na biyu na gano shi da agogo. A wasa huɗun da na rubuta, an ci mu 2 da nema, muka yi 1 da 1, aka ci mu 3 da 1, muka sake yin 1 da 1. Ƙwallo 7 ke nan aka zura mana. Da na jera mintocin, sai na ga 5 daga ciki bayan minti na 70 suka shiga. Wato mukan riƙe wasa fiye da awa ɗaya, sannan ƙafafu su mutu. A wasan waje da aka ci mu 3 da 1 na ga dalilin da idona. An ce mota za ta tashi ƙarfe 12, amma kuɗin mota bai cika ba sai wajen ƙarfe 2, shi ma sai da Kawu ya cika daga aljihunsa. Muka isa ana saura minti 10 a fara. Babu wanda ya ɗumama jiki. Abin da 'yan wasa suka ci tun safe shi ne burodi biyu da aka yayyaga a mota da fiya wata.

Na tambayi ma'ajin ƙungiya ina kuɗin karo-karo. A farkon kaka magoya baya 60 suka rubuta suna, kowa ya yi alkawarin naira 200 duk mako. Ya buɗe mini littafinsa. A makon nan mutum 14 ne suka biya. Na ga sunayen waɗanda suka yi watanni ba su ba da ko sisi ba, kuma na san muryoyin wasunsu a bakin fili. Ba zan faɗi suna ba, domin ni ma da na yi ihu ban taɓa ba da ko ledar ruwa ɗaya ba.

Kada ku ɗauka littafin ya wanke Kawu tas. An ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai shafin da na rubuta na ɓoye shi kwana uku. Na farko, Kawu ba ya canjin 'yan wasa sai wajen minti na 80, alhali tun minti na 60 ana ganin wasu suna dafa gwiwa. Na biyu, ƙwallo 3 cikin 7 ɗin nan daga bugun kwana suka shigo, domin golanmu ba ya fitowa ya kama ƙwallon sama, yana tsayawa a kan layi. Akwai ƙaramin gola a benci wanda ya fi shi tsalle, amma Kawu ba ya sa shi, saboda babban tun ranar da aka kafa ƙungiya yake tare da shi. Na uku, idan ɗan wasa ya yi kuskure Kawu yana yi masa tsawa a gaban jama'a, kuma na lura wanda aka yi wa tsawa ba ya ƙara neman ƙwallo, sai ya riƙa ɓuya a bayan abokin hamayya.

Ranar da wasa huɗun suka cika na kai masa littafin a shago. Ya cire gilashin walda ya zauna a kan benci yana karantawa. Da ya zo wannan shafin ya daɗe bai ɗago ba, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Can ya ce, "Zancen canji gaskiyarka ne. Zancen tsawa ma na ji. Amma gola, ka san shi ya sayar da wayarsa muka biya kuɗin rajista shekarar da muka hau?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To yanzu ka sani. Sai dai duk da haka ƙwallo uku ƙwallo uku ce." Sannan ya tambaye ni, "To, in tafi?" Na ce, "Kawu, ko an kawo wani, shi ma mutum takwas zai tarar a atisaye." Ya yi dariya, ya ce in je in sayo mana rake.

A makon nan kwamitin ƙungiya ya kira taro bayan sallar Isha'i a ƙofar gidan shugaba, kuma kowa ya san zancen koci za a yi. An shimfiɗa tabarmi, manya suka zauna, mu yara muna can baya a jikin bango, domin ba a ba yaro baki a irin wannan wuri. Mai faci ya yi magana, kuma gaskiya ya kawo hujja. Ya ce maki 8 a wasa 14 ba abin da za a kare ba ne, kuma ba ƙiyayya ce ta sa shi magana ba, shi ma tun yana saurayi yake bin ƙungiyar nan. Tsohon direba ya ba shi amsa, aka fara ɗaga murya.

Da aka ba Kawu dama, sai ya ciro littafina daga aljihu. Na ji kamar in nutse. Ya haska da fitilar waya ya karanta yawan masu zuwa atisaye, da mintocin da aka ci mu, da labarin mota da burodi. Na ɗauka a nan zai tsaya. Sai ya juya shafi ya karanta laifuffukansa guda uku ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko kalma ba, golan kuma yana zaune a wurin. Ya ce, "Wannan nawa ne, na karɓa. Idan kun ga a ba wani, wallahi gobe zan kai masa buhun ƙwallaye har gida, kuma ranar Asabar ina bakin fili ina tafa masa. Amma ku haɗa masa da abincin yara da kuɗin mota, kada ku ba shi abin da kuka ba ni." Wurin ya yi tsit. Shugaba ya tambayi wanda ya rubuta, Kawu ya nuna ni da fitila ya ce, "Wancan, mai cewa ba ya yi." Aka fashe da dariya, ni kuma na rufe fuska da riga.

Ba a tashi da cikakkiyar yarjejeniya ba. An ce Kawu ya ci gaba har ƙarshen kaka, sannan a zauna a ƙada ƙuri'a. Mai faci ya ce shi har yanzu yana kan bakansa, amma a take ya ciro bashin karo-karonsa ya biya. Baba mai shayi ya ɗauki nauyin shayi da burodi da ƙwai ga 'yan wasa duk ranar wasa. Tsohon direba ya ce zai nemo mota tun ranar Juma'a. An kuma mayar da atisayen Alhamis zuwa bayan sallar Asuba, don 'yan kasuwa su samu zuwa kafin a buɗe shaguna. A Alhamis ɗin farko mutum 17 na ƙirga. Babban golanmu da kansa ya je ya sami Kawu ya ce a gwada ƙaramin, shi zai riƙa koya masa.

Asabar da ta wuce muka buga wasa na 15. Kawu ya yi canji biyu a minti na 62. Mai lamba tara ya ci mana a minti na 77, muka tashi 1 da nema. Ba zan ce mun yi wasa mai kyau ba, domin sau biyu ƙwallonsu tana dukan ƙarfe, kuma Kawu ya manta ya yi wa wani tsawa sau ɗaya, na rubuta. Yanzu muna da maki 11, waɗanda ke samanmu suna da 13, saura wasa 3. Za mu iya tsira, za mu iya sauka. Idan mun sauka, wataƙila a ƙuri'ar ƙarshen kaka a cire Kawu, kuma wataƙila masu cire shi suna da gaskiya. Ni dai abin da na sani shi ne, ranar da na yi ihu ban san ko mutum nawa ke zuwa atisaye ba, ban san ko 'yan wasa sun ci abinci ba, ban ma san minti nawa aka buga ba. Tsoron dariyar 'yan ajinmu kawai na ji.

Har yanzu ana musu a teburin mai shayi, kuma ni ban ga laifin musun ba, ai daɗin ƙwallo ke nan. Bambancin kawai, yanzu idan na je sayen burodi mai faci yakan ce, "Marubuci, zo ka gaya mana, a minti na nawa aka yi canji?" Sai in buɗe littafi in faɗa masa, ko amsar ta yi wa Kawu daɗi ko ba ta yi ba.

Ranar Asabar mai zuwa muna da wasa a gida bayan La'asar, kuma da waɗanda ke samanmu da maki biyu za mu kara. Ina gayyatar duk wanda ke kusa, har da waɗanda muka yi ihu tare. Wanda ya ga abin da bai yi masa ba ya faɗa, ba a hana kowa ba. Amma don Allah kowa ya taho da ko ledar fiya wata biyu ce, a ajiye wa 'yan wasa a gefen fili. Za ku gan ni kusa da benci da littafi da agogo. Mutumin da ke tsaye a gefena da hular sanyi, yana ɗan ɗingishi, shi ne kocinmu, kuma kawuna ne.

Daga ɗan'uwanku na aji biyu, ƙaramar sakandare.